Yadda Ake Ceto Na'ana'a Da Ɗoɗɗoya Daga Mutuwa A Gwangwani

Da yawa daga cikin masu zaman haya a birane irin su Ikko da Badun, inda ba tsakar gida balle lambu, sukan dasa na'ana'a ko ɗoɗɗoya a gwangwanin madara su aza bakin taga, saboda shayi da miya. Bayan 'yan makonni sai ganye ya yi rawaya, ya langaɓe. Uwargida ta ce ƙishirwa ce, ta ƙara ruwa. To, a nan fa ake ƙarasa shi.

Galibi ruwan ne ya yi yawa. Saiwa tana bukatar iska kamar yadda take bukatar ruwa, gwangwanin da ba a huda gindinsa ba kuwa rijiya ce. In ruwa ya kwanta, saiwar sai ta ruɓe, ta kasa shan ruwan da take ciki tsundum.

Saboda haka a kife gwangwanin a tafin hannu, a zare shukar da ƙasarta, a duba. Lafiyayyar saiwa fara ce, mai ƙwari. Wadda ta yi baƙi, ta yi laushi, tana wari, a datse ta da almakashi mai tsabta. In kuwa saiwar ta nannaɗe kanta don matsi, a warware ta a hankali da yatsa. Sa'an nan a sami tukunyar da ta ɗara tsohon mazubin kaɗan, a huda ta. Ta yumɓu ta fi, don tana tsotse damshi. A gauraya ƙasa da yashi da takin da ya daɗe da ruɓewa. Ɗanyen kashin kaji ƙone saiwa yake yi. A bar shukar a inuwa kwana 3 ko 4 kafin a mayar da ita tagar da rana ke shiga.

Na'ana'a ba ta iya zaman tare ba, watau yaɗo take yi ta ƙarƙashin ƙasa har ta shaƙe maƙwabciyarta. A ba ta tukunyarta ita kaɗai.

In saiwar duk ta mutu, a yanko reshe mai rai kamar tsawon yatsa, a tsinke ganyen ƙasa, a tsoma a kofin ruwa. Cikin mako ɗaya ko biyu zai fid da sabuwa.

Kada a yi ban-ruwa sai an tura yatsa an ji ƙasar sama ta bushe. Ruwan da ya tsiyayo cikin faranti kuma a zubar nan take, don a irinsa sauro yake ƙwai.