Ko Ka San Fulogi Ne Ke Tona Asirin Kafireto?

Ko ka san injin babur ya fi shan iska a kan fetur? Kafin lita ɗaya ta fetur ta ƙone sarai, sai ta haɗu da iska kusan lita 9,000. A ma'aunin nauyi kuwa, kilo 14.7 na iska ake so ga kowane kilo ɗaya na mai. Na'urar da ke wannan haɗi ita ce kafireto, kuma ita ce a jikin yawancin baburan da ke kai da kawo tsakanin Ƙofar Doka da Babban Dodo a Zariya, irin su Bajaj Boxer da Jincheng.

Aikinsa ba siddabaru ba ne. A cikinsa akwai maƙogwaro mai tsukakken tsakiya. Kamar yadda iska ke ƙara gudu in ta shiga matsattsen lungu a cikin birnin Zariya, haka take yi a wannan matsi, sai ta zuƙo mai ta wata 'yar ƙofa da ake kira jet, ta fesa shi cikin inji. Wani masani ɗan Italiya, Giovanni Venturi, ya bayyana wannan hali tun 1797, sannan Wilhelm Maybach na Jamus ya ƙera kafireto mai feshi a 1893. Kafireto ne a jikin Fijo 504 da aka yi ta haɗawa a Kaduna daga 1975, kuma motocin babban rukunin tseren NASCAR na Amurka ba su rabu da shi ba sai a 2012.

To, idan inji ya fara tari da shaƙewa fa? Ƙwararren bakanike ba ya gaggawar murɗa sukurun silo. Fulogi yake fara kwancewa ya duba bakinsa.

Idan ya ga baƙi ƙirin, ga baƙin hayaƙi da warin ɗanyen mai a salansa, to mai ya rinjayi iska. A lokacin hunturu, laifin galibi na ƙura ne: ta toshe matatar iska, inji ya kasa numfashi, tanki kuma ya riƙa ƙarewa da wuri. Wani lokaci kuma allurar da ke tsayar da mai a kofin kafireto ce ta cinye, har ka ga mai yana ɗiga ƙasa.

Idan kuwa fulogin ya yi fari fat, iska ce ta rinjayi mai. Injin zai yi zafi, ya ƙi zama a silo sai an ja cok, ya riƙa harbi a salansa in an saki totur. Nan sai a zargi datti ko ruwan da kan biyo man galan ko tsatsar tanki ya toshe jet, ko kuma robar da ta haɗa kafireto da inji ta tsage tana satar iska. Wannan ya fi haɗari, don yana iya ƙona bawul ko fistin.

Fulogi mai lafiya ruwan ƙasa-ƙasa yake yi. Shuɗin hayaƙi kuwa ba ruwan kafireto da shi: baƙin mai ne ke ƙonewa, sau da yawa saboda ringi ya mutu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tsokale jet da waya ko allura. Da tagulla aka yi shi, ba shi da tauri. Da zarar ƙofar ta buɗe ko da kaɗan ne, babur ya shiga zuƙar mai ke nan. Wankewa da fetur mai tsabta da hura iska sun wadatar.

Don haka, mai babur, kafin ka ce a sauya maka kafireto, sa a duba fulogi, a wanke matatar iska, a zubar da man da ya kwanta a kofi. Sau tari gyaran bai wuce nan ba.