Yawan Toshewar Numfashi Cikin Barci a Tsakanin Masu Ciwon Daji

Manufar wannan takarda ita ce mu duba yawan cutar toshewar numfashi cikin barci a tsakanin masu fama da ciwon daji, wato sankara, mu kuma auna ƙarfin alƙaluman da masana suka fitar a kan haka.

Da farko ya kamata mu fayyace cutar ita kanta. Idan mutum ya yi barci, naman da ke kewaye da maƙogwaro yakan saki. Ga wasu mutane sakin yakan yi yawa har tushen harshe da ganɗa su rufe hanyar iska, numfashi ya tsaya ko ya ragu ƙwarai na tsawon daƙiƙa 10 ko fiye. Daga nan sai iskar oksijin ta ragu a cikin jini, ƙwaƙwalwa ta zaburar da mai barci ya ja numfashi da ƙarfi, sa'an nan ya koma barci ba tare da ya san abin da ya faru ba. Masana sukan ƙidaya sau nawa hakan ke faruwa a awa guda: daga 5 zuwa 14 cutar mai sauƙi ce, daga 15 zuwa 29 matsakaiciya, daga 30 zuwa sama kuwa mai tsanani. Minshari, wanda galibi abin dariya muke ɗaukarsa, shi ne babbar alamarta ta zahiri, ko da yake ba kowane mai minshari ne ke da ita ba.

Kafin a ce abu ya yi yawa, lalle a san mizanin da aka gwada shi da shi. Binciken jihar Wiskonsin ta Amurka na shekarar 1993 ya sami wannan larura ga kashi 24 cikin ɗari na maza da kashi 9 na mata masu shekara 30 zuwa 60.

To, ga abin da aka samu wajen masu ciwon daji. Alƙaluma mafi girma sun fito ne daga masu sankarar kai da wuya. A Shikago, cikin 2001, an gwada mutum 24 da aka yi wa magani, aka sami cutar ga wajen kashi 92 cikin ɗari. A Kanada, cikin 2005, an gwada mutum 17 masu sankarar baki da maƙogwaro kafin a yi musu tiyata, aka same ta ga 13. Dalilin haka a fili yake. Ƙarin da ya tsiro yana cin fili a hanyar iska, tiyata tana sauya fasalin maƙogwaro, gashi da na'ura kuma yakan bar kumburi da tabo mai tauri. Abin lura a nan shi ne, da yawan waɗannan marasa lafiya ramammu ne, alhali kuwa ƙiba ce alamar da likita ya saba dubawa kafin ya yi zaton wannan cuta. Game da sankarar huhu, wani bincike a Jamus cikin 2018 ya sami rikicewar numfashi cikin barci ga kusan rabin mutum 100 da aka gwada.

A ganinmu, bai kamata a ɗauki waɗannan alƙaluma ido rufe ba. Mutum 17 ko 24 ba su isa a yanke wa dubban jama'a hukunci da su ba, kuma masu bincike ba su yi amfani da ma'auni iri ɗaya ba: wasu sun kwanar da mutum a ɗakin gwajin barci, wasu sun ba shi ƙaramar na'ura ya tafi da ita gida. Har ila yau, tsufa da ƙiba suna share fage ga cututtukan biyu, saboda haka haɗuwarsu a jiki ɗaya ba hujja ba ce cewa ɗaya ta haifi ɗaya. Gaskiya ne cewa a 2012 masu binciken Wiskonsin, bayan sun bi diddigin mutum 1,522 har shekara 22, sun ga mutuwa ta dalilin ciwon daji ta kusa ninkawa sau biyar ga masu toshewa mai tsanani. Gwaji a kan ɓeraye a Sifen ya kuma nuna ƙarin fata ya fi saurin girma idan oksijin na yankewa yana dawowa. Amma a 2014 wani bincike a Kanada da ya shafi mutum fiye da 10,000 bai ga wata alaƙa ba, bayan an cire tasirin shekaru da ƙiba da shan taba. Wannan muhawara ba ta ƙare ba tukuna.

Abin da ya fi damunmu ya fi wannan kusa. Gajiya da gyangyaɗin rana su ne kukan da mai ciwon daji ya fi yi, kuma nan da nan akan ɗora laifin a kan sankarar ko magungunanta, ba a tambayi wanda yake kwana kusa da shi yadda yake numfashi da dare ba. Sa'an nan magungunan kashe zafi irin su mofin, da magungunan sa barci, da allurar da ake yi lokacin tiyata, duk suna ƙara sakin maƙogwaro, suna kuma dushe zaburar da ke ta da mai barci. Ba da su ga wanda ke da toshewar da ba a gano ba hatsari ne babba. Magani kuwa yana nan tun 1981, lokacin da Colin Sullivan na birnin Sidni ya fito da na'urar da ke hura iska ta hanci don ta riƙe maƙogwaro a buɗe. Don haka muke ba da shawarar a riƙa yi wa duk mai sankarar kai da wuya tambayoyi game da barcinsa kafin tiyata da bayan gashi, a kuma auna oksijin ɗinsa na dare guda idan an yi zaton cutar.