Lambar girma ta zo, mai ita ya riga ya tafi

Ranar 11 ga Nuwamba 1998 aka tsayar don a maƙala wa Abdoulaye Ndiaye lambar girma mafi daraja ta Faransa, wato Légion d'honneur, a ƙauyensu Thiowor da ke yankin Louga a Sanagal. Ana gobe biki, Allah ya karɓi abinsa. Yana da shekara 104, kuma shi ne na ƙarshe da aka sani da rai cikin sojojin ƙasa baƙar fata da suka yi wa Faransa Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Nasara sun kira su tirailleurs sénégalais, amma suna ne kawai. An kwaso su daga ko'ina a Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa, har da Nijar, da yawansu kuma ba da son ransu ba.

Abdoulaye ba hafsa ba ne, soja ne na cikin rami, mai bindiga a kafaɗa. An fara ji masa rauni a Beljik a 1914. Da ya warke aka tura shi Dardanelles, can ƙasar Turkiyya, a 1915. A 1916 kuma, a fagen daga na Somme, harsashi ya same shi a ka, ya yi watanni kwance gidan likita. To, ka ce shi ke nan za a sallame shi gida? Ina! Sake mayar da shi aka yi, har yaƙi ya ƙare a 1918.

Ba harsashi kaɗai ke kashe su ba. Ɗan Sahel da bai san sanyin da ya wuce na hunturu ba, sai ga shi cikin taɓo da ƙanƙara. Shi ya sa in sanyi ya kama ake janye su zuwa kudu, Fréjus da Saint-Raphaël. Duk da haka, a sansanin Courneau kusa da Bordeaux, fiye da 900 suka mutu tsakanin 1916 da 1917, galibi da ciwon huhu. A farmakin Chemin des Dames na 16 ga Afrilu 1917, wasu yatsunsu sun daskare har ba sa iya harba bindiga.

Waɗanda suka dawo fa? Dokar 1959 ta tsayar da fanshonsu wuri guda, na takwarorinsu Faransawa na ta hawa. Sai a 2001 kotun ƙoli ta Conseil d'État ta ce wariya ce, ba a kuma kammala daidaitawa ba sai 2011, bayan kusan duk sun kwanta dama.

A gidajenmu ma akwai irinsu. In har da tsohuwa a gida da ta san labarin kakan da ya je yaƙin Nasara, a zauna a tambaye ta tun tana nan.