Takardar Makaranta Ba Ta Auna Bango

Akwai wata ɗabi'a da na gaji da gani a tsakanin matasanmu na Nima da Mamobi a Akra da suka karanta tsara cikin gida. Yau a gama makaranta, gobe a buɗe shafi a Instagram, a cika shi da hotunan falon Dubai da Turkiyya, a ce aikin hannunmu ne. Hajiya mai shirin aurar da 'ya ta gani ta yaba, ta tura kafin alƙalami ta MoMo. Ranar jere ta zo, gado ya ƙi shiga ɗaki, labule bai kai ƙasa ba, mai aikin kuma ya kashe waya. Wannan cin amana ne, ko da wane suna aka kira shi.

Sana'ar dai sananniya ce: tsara ɗaki ko shago ko ofis ta yadda haske da iska da kaya za su zauna daidai da buƙatar mai shi. Ana koyar da ita a jami'o'in fasaha na Akra da Kumasi da Takoradi.

Tushen ɓarnar shi ne wata magana da ake ta yaɗawa, wai wanda ya riƙe takarda bai kamata ya zama yaron kowa ba. Iyaye ma suna da hannu. Za ka ji uba yana cewa, "Duk kuɗin da na kashe maka, ka koma bin kafinta?" Baba, ka yi haƙuri, wannan kuskure ne babba. Ɗakin da ɗanka ya zana a AutoCAD ko SketchUp bangonsa a miƙe yake. Ɗakin gidan haya a Nima kuwa, sai ka auna faɗinsa ta bakin ƙofa ka samu wani abu, ka auna ta ƙurya ka samu wani abu daban. Babu malamin da zai gaya masa cewa kujera mai cin mutum uku ba za ta wuce lungun da mutum biyu ba sa iya gittawa ba, sai dai a haɗa ta a cikin ɗakin. Bai san katakon MDF yana kumbura idan damina ta jiƙa gindin bango ba, har sai ya ga ƙofar kabad ta ƙi rufuwa.

Ga kuma kuɗi. A ƙarshen 2022 hauhawar farashi a Gana ta haura kashi 50 cikin 100. Wanda ya yanka wa mutum farashi a lokacin, ya yi sake har wata guda bai sayi kaya ba, ya je kasuwar katako ta Timber Market ya tarar lissafinsa ya rushe. Wanda ya zauna ƙarƙashin maigida ya ga yadda ake tsallake irin wannan ramin. Ya kuma koyi yadda ake magana da kafinta da mai fenti da mai wayarin da mai sa tayil, mutanen da wasunsu sun haife shi, waɗanda ba za su saurare shi don takarda ba sai sun ga ya san abin da yake faɗa. To, a ina za a koyi wannan idan an ƙi zama yaro?

Gaskiya ne jari yana da wuya, kamfanonin kuma ba su da yawa. Amma wannan ba hujjar yaudara ba ce.

Ƙanena, ƙanwata, ku fara da shekarar bautar ƙasa. Kada ku yarda ta ƙare a ofishin da ba abin da za ku yi sai ɗaukar fayil. Ku nemi a tura ku wurin masu zanen gine-gine ko masu haɗa kayan ɗaki, ku fara nema tun kafin a fitar da sunaye. Ku tara hotunan aikinku na gaskiya, ko da ɗakin Umma ne ko shagon aski na unguwa, yadda yake a da da yadda ya koma, tare da zanen da lissafin abin da aka kashe. Mai ɗaukar aiki ya fi son wannan a kan hoto ɗari na aro. Tef ɗin awo kada ya bar jakarku, kuma ku auna sau biyu kafin a yanka. Ku shiga kasuwar Makola ku taɓa yadin labule da hannu, ku san wanda rana ke cinyewa.

Idan aka ɗauke ku, ku nemi takarda. Dokar ƙwadago ta 2003 ta ce aikin da ya kai wata 6 dole a rubuta yarjejeniyarsa. Ku tabbata ana biya muku kuɗin fansho na SSNIT: kashi 13 daga mai aiki, kashi 5.5 daga albashinku. Zama yaro ba bauta ba ne, kada a riƙe ku shekara da shekaru da sunan gwaji. Ku ma ku riƙe amana, kada ku zagaya ku ƙwace wa maigida kwastoma a East Legon ko Cantonments don an aike ku awo. 'Yan mata, kada ku je gidan wanda ba ku sani ba ku kaɗai. Ƙaramin aikin da kuka samu a gefe, ku rubuta farashi da ranar da zai daina aiki, kuɗin kaya daban, kuɗin hannu daban, ku ajiye kowane rasit.

Iyaye, ku daina matsa wa yara su zama masu gida kafin lokaci. Ku kuma masu ba da aiki, kafin ku tura sisi, ku ce a kai ku ku ga ɗakin da aka yi da idonku. Zango wuri ne da kowa ya san kowa, wanda ya ɓata sunansa a aikin farko zai daɗe yana neman na biyu.