Bagudo: Yadda za a kare gaɓar Kogin Neja ba tare da an toshe wa jama'a mashigi ba

A yankin Lolo da ke Ƙaramar Hukumar Bagudo a Jihar Kebbi ne Kogin Neja ke shigowa Najeriya, bayan ya raba Jamhuriyar Nijar da ta Benin. Ga mazauna Lolo da Illo, bakin kogin nan shi ne gonar shinkafa, shi ne mashayar dabbobi, shi ne kuma tashar kwale-kwalen da ke jigilar kaya zuwa Malanbil a Benin.

Sau biyu kogin ke cika a shekara. Cikar farko ta ruwan daminar yankin ce, daga Agusta zuwa Oktoba. Ta biyu tana isowa a lokacin hunturu daga tsaunukan Gini. Ta farkon ce ta fi ɓarna, domin tana tarar da shinkafa a gona. A 2020 ambaliya ta shanye dubban hektoci na gonaki a Kebbi, kuma 'yan kasuwar birane sun ji a jikinsu sa'ad da farashin buhu ya tashi.

Abin da ya fi zuwa a zuciya shi ne a gina jinga ko bangon siminti. Sai dai bango yana tare ruwa ne a wuri guda ya tura shi ga maƙwabta. Yana hana fadama samun laka mai taki, ya kuma bar masunci da makiyayi ba hanyar gangarawa. Legas ta ga irin haka: zaizayar teku ta addabi Bar Beach, aka cike wurin da yashi, aka yi ganuwar duwatsu ta Eko Atlantic. Unguwar ta tsira, amma talaka ya rasa wurin shan iskarsa.

Doka ta riga ta tanadi mafita. Dokar 1997 da ta kafa Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, NIWA, ta sanya mita 100 daga bakin kogi a ƙarƙashin kulawar hukumar. Idan aka hana gini a wannan tsiri, aka dasa itatuwa da ciyawar jema masu riƙe ƙasa, sai a taƙaita dutse da siminti ga mashigai da kasuwanni, a bar burtali a buɗe.

Aikin ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma, domin jingar da aka yi a Benin tana iya karkato ruwa zuwa Lolo. Hukumar Raya Kogin Neja mai hedikwata a Yamai, wadda ƙasashe 9 ke cikinta, ita ce zauren da ya dace a daidaita irin waɗannan ayyuka. A gida kuwa, kafin a zuba dutse ko ɗaya, ya kamata a zauna da sarakunan ruwa da ardo-ardo da manoma, domin su suka san inda ruwa ke bi.