Wai Kwamfuta Ta Haddace Intanet Kuma Ba Ta Kuskure?

Magana uku ake ta yayatawa game da manhajojin nan masu koyo daga intanet: wai sun karance duk abin da ɗan Adam ya rubuta, wai su kaɗai suke koyo ba sa hannun kowa, wai kuma ba sa kuskure. Ta farkon ce kaɗai ke da ƙamshin gaskiya.

Karatun kam ana yin sa. A Janairun 2010 Tom Mitchell da abokan aikinsa a Jami'ar Carnegie Mellon da ke Pittsburgh a Amurka suka kunna wata manhaja mai suna NELL, tana bin ɗaruruwan miliyoyin shafukan Turanci dare da rana. Dabarar ba siddabaru ba ce. In ta yi ta cin karo da jimla irin "birane kamar Landan da Faris", sai ta rubuta cewa Landan birni ne, ta sa wa bayanin maki gwargwadon yadda ta gamsu. Amma a ce "duka", an yi ƙari. Abin da ba a ɗora a intanet ba, ba ta gan shi ba. Littattafan ajami da ke jibge a zaurukan malamai ba su cikin lissafin, rubutun Hausa na boko ma ɗan kaɗan ne idan aka gwada da na Turanci.

Batun ba sa hannun kowa kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Mutane ne suka fara ba NELL rukunai da misalai, su ne kuma suka riƙa bin ta da gyara. Ga dalili. A Turanci kalmar "cookies" tana nufin biskit, tana kuma nufin 'yan bayanan da shafi ke ajiyewa a na'urarka. NELL ta sa na intanet cikin abincin da ake gasawa, daga nan ta zarce ta ce fayil ma abin gasawa ne. Kuskure ɗaya ya haifi wani, sai da mutum ya zo ya share.

To ko na yanzu sun wuce nan? A Mayun 2024 sabon tsarin amsa tambaya na Google ya ba mutane shawarar su zuba gam a miyar fiza don cuku ya manne. Da aka bi sawu, sai ga shi daga wata tsohuwar raha da wani ya rubuta a dandalin intanet na Reddit. Na'urar ba ta san ana wasa ba.

ChatGPT, da ya fito a Nuwamban 2022, ba ya ma ajiye jerin bayanai irin na NELL. Kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya yake hasashe, shi ya sa yake iya ƙirƙiro sunan littafin da babu shi, cikin tsararriyar jimla, ko gezau.

Don haka, mai karatu, in amsar ta shafi magani, addini ko kuɗinka, nemi inda aka samo ta, ka buɗe shafin da kanka kafin ka tura wa kowa.