Shin Ko Kun San? Kalmar da Sarakunan Turai Ke Murabus da Ita

Shin ko kun san cewa a Turanci ba kowa ake ce wa ya yi “abdicate” ba? Kalmar ta masu sarauta ce, wato sarki ya bar gadon mulki da ransa. Shugaban ƙasa ko minista kuwa “resign” yake yi, kamar yadda Richard Nixon na Amurka ya yi a 1974.

Tushenta Latin ne, “abdicare”, mutum ya shelanta cewa babu shi babu abu kaza. Lokacin da ta shigo Turanci a ƙarni na 16, har uban da ya sallama ɗansa ya hana shi gado da ita ake kwatanta shi.

Ko kun san majalisar Ingila ta taɓa yin cacar baki a kanta? A 1688 Sarki James na Biyu ya tsere Faransa bayan surukinsa William ya shigo Ingila da runduna. Bai rubuta takardar sauka ba, bai kuma yi shela ba. A farkon 1689 majalisar wakilai ta ce ya yi “abdicate”, ta dattawan sarauta ta ce a'a, “desert” ya yi, wato ya gudu ya bar kujera. Ba wasa ba ne: wanda ya gudu yana iya dawowa ya ce a ba shi kayansa. Wakilai suka yi rinjaye, aka naɗa William da matarsa Mary. A ganina, sun tsige mutumin ne kawai suka ce shi ya sauka.

Sarki Edward na Takwas na Birtaniya dai da hannunsa ya sa wa takardar murabus hannu a Disamban 1936, bai ko cika shekara a kan karaga ba, don ya auri Wallis Simpson, Ba'amurkiya mai aure biyu a baya. Ƙanensa George na Shida ya gaje shi, ta haka sarauta ta gangaro kan Elizabeth ta Biyu.

A Holan abin ya zama al'ada: Sarauniya Wilhelmina ta sauka a 1948, Juliana a 1980, Beatrix a 2013. Sarki Akihito na Japan ma ya sauka a 2019, karo na farko a ƙasar cikin sama da shekara 200.

Idan kuma ka ga jarida ta rubuta cewa gwamna ya yi “abdicate his responsibility”, bai bar ofis ba. Zarginsa ake yi da yin watsi da nauyin da ke kansa.